Neman shawara: dafa-dukan kaguwa da jatan lande irin na Amurkawa na mutum 18

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin girkin kayan teku ku taimaka min. Asabar mai zuwa za mu yi 'yar walima a gida nan Abuja, manya 18 da yara biyar. Yaran gidan sun nace sai an yi musu abin nan da suke gani a TikTok, seafood boil, wato dafa-dukan kaguwa da jatan lande da masara da dankali da ake zubewa a tebur a ci da hannu. Niyyata in shiga kasuwar kifi ta Kado ranar Juma'a. Nawa zan sayo na kowanne? Lokaci guda ake zuba su? Tukunyata mai lita 20 ce, za ta isa? Kuma me zan sa a madadin garin yajin da suke amfani da shi?

Anti Mai Girkin Biki:
Wa alaikumus salam Maman Sadiƙ. Bari in fara da abin da ke ɓata wa yawancin mutane wannan girkin: zuba komai lokaci guda. Dankali na bukatar minti 15 zuwa 20, jatan lande kuwa minti 2 zuwa 3 ya ishe shi. Kin ga idan suka shiga tare, kafin dankali ya nuna jatan landen ya koma roba, ɓawon ya manne da naman, sai an yi kokawa kafin a ɓare.

Na mutum 18 da yara, ga abin da zai wadatar, har a ɗan rage:

Jatan lande manya masu ɓawo, kilo 5
Kaguwa, kilo 4
Ƙananan dankalin turawa, kilo 3
Ɗanyar masara 9, a yanka kowace uku
Sosej na naman shanu ko na kaza, kilo ɗaya da rabi
Ƙwai 18
Albasa manya 4, tafarnuwa dunƙule 8, lemun tsami 8
Bota marar gishiri, giram 750

Kayan da aka daskarar, tare da ƙanƙararsu ake auna miki su, idan sun narke nauyin zai ragu, saboda haka kada ki sayo ƙasa da haka. Sosej ɗin kuma ki karanta jikin ledar da kyau. Wanda ake sawa a jihar Luwiziyana ta Amurka, inda girkin ya fi shahara, na alade ne, wasu na kaza ma da hanjin alade ake naɗe su.

Tukunyar lita 20 ba za ta ɗauki wannan kaya a zubi ɗaya ba. Ruwa lita 11 za ki zuba, ki dafa kashi-kashi a cikin romo guda. Hakan ma ya fi, don romon ƙara daɗi yake yi.

Uwargida Ran Gida:
Batun yaji. Wanda kike gani a bidiyo galibi haɗaɗɗen yajin kanti ne na Amurka, Old Bay na birnin Baltimo, ko Zatarain's na birnin Niyu Olins. Ana samunsu a wasu manyan kantuna amma da tsada, kuma ba dole ba ne. Haɗa naki, da cokalin cin abinci: garin paprika 6, garin jan barkono 3, garin tafarnuwa 3, garin albasa 2, masoro 2, tayim 2, garin citta 1. Ki raba biyu, rabi na ruwan dahuwa, rabi na miyar bota.

A cikin ruwan ki ƙara ganyen bay 8, kanumfari ƙwaya 8, seleri sanda 4 (ƙamshin seleri shi ne rabin sirrin Old Bay), albasa 3 a yanka kowace biyu, tafarnuwa dunƙule 4 a datse su ta tsakiya ba sai an ɓare ba, attaruhu 5 a ɗan fasa. Gishiri giram 20 a kowace lita, wato kusan cokali 12 ke nan a lita 11. Zai ba ki tsoro, amma ki sa. Ruwan ba sha za a yi ba, kuma abin da ke cikin ɓawo ba ya jin gishiri kaɗan. In kin ɗanɗana ya yi daidai da romon farfesu to bai ji ba, sai ya ɗan wuce haka. Amma idan yajin kanti kika samu, rage gishirin da rabi ki ɗanɗana, don suna zuwa da nasu.

Bar wannan ruwan ya tafasa minti 20 shi kaɗai kafin komai ya shiga. Lemun tsami matse ruwan kawai ki zuba, guda 4. Namu ƙanana masu koren ɓawo idan suka daɗe a tafasa ɗaci suke saki, ba irin nasu rawaya ba ne.

Yajin ƙuli kada ya shiga tukunya, yana dagula romo. A ajiye shi a gefe ga mai so.

Anti Mai Girkin Biki:
Tsarin zubawa, bayan romo ya yi minti 20 ɗin:

Ki fara ɗebe lita 4 na romon ki zuba a wata roba mai faɗi ya huce, zan faɗi amfaninsa. Ki mayar da ruwan zafi lita 2 a tukunyar.

Masara ce farko idan tamu ce ta kasuwa. A bidiyo za ki ga suna sa ta daga baya, minti 5 kawai, amma tasu mai zaƙi ce mai laushi. Tamu sai ta yi minti 15 kafin dankali ya bi ta. In daskararriya mai zaƙi kika samu a kanti, to tare da sosej za ta shiga. Dankali da ɓawonsa, a wanke kawai, manya a raba biyu. Bayan minti 12 sosej ya shiga, a yanka tsawon yatsa. Minti 5 zuwa 6, ki soki dankalin da wuƙa, in ta shige ba gardama ki tsame duka ki zuba a kula ki rufe. Ƙwai dafa shi daban minti 10, ki ɓare, ki ɗan tsattsaga shi, ki jefa cikin romon nan da kika ɗebe.

Sai kaguwa. Ɗanya minti 12 zuwa 15 daga lokacin da ruwan ya dawo tafasa, har ɓawon ya yi ja. Idan dogayen ƙafafun nan ne na kanti masu launin ja tun a leda, dafaffu ne, ɗumamawa kawai suke so, minti 5.

Jatan lande ne ƙarshe, kuma kada ki juye kilo 5 gaba ɗaya. Sanyinsu zai kashe tafasar, murhun gida ba zai iya dawo da ita da wuri ba, su yi ta zama a ruwan ɗumi har su yi laɓo-laɓo. Kashi uku za ki yi. Kowane kashi minti 2 zuwa 3, da kin ga sun yi launin hoda sun lanƙwashe kamar jinjirin wata, tsame. Wanda kai ya haɗe da wutsiya kamar zobe ya wuce.

Amfanin romon da ya huce: a nan za ki jiƙa jatan lande da kaguwar minti 10 zuwa 15. A Luwiziyana kashe wuta suke yi su zuba ƙanƙara a tukunyar, dahuwa ta tsaya, yaji ya ratsa ciki. Daɗin a jiƙon nan yake shiga, ba a tsawon tafasa ba. Ke da za ki yi zubi da yawa ƙanƙara za ta tsinka miki romo, shi ya sa ɗebewa ta fi. Romon ya kasance da zafinsa yana ɗan tururi, ba mai sanyi ba.

Maman Sadiƙ:
Allah ya saka da alheri, na rubuta. Kan jatan landen cirewa zan yi ko in bari? Sannan ina da man shanu mai kyau, zai maye bota?

Baban Yara Gwarimpa:
Hajiya, ra'ayina ki cire kan, tunda Juma'a za ki saya kuma yawancin abin da ke iso Abuja daga bakin teku a daskare yake zuwa. A kan ne sinadaran narkar da abincinsa suke, da ya fara narkewa su ke cin naman ya yi laushi kamar auduga. Ki cire, ki wanke, ki jefa kawunan cikin romo tun farko su ba da ɗanɗano, ki tsame kafin masara. Ɓawon jiki ki bari, amma ki tsaga bayan da almakashi ki zare baƙin zaren nan, hanjinsa ne, yashi ke ciki. Tsagar kuma hanya ce ga yaji.

Wajen saye hanci ne alƙali. Mai kyau ƙamshin ruwan teku yake yi, wanda ke warin fitsari ko yake yauƙi ki bar musu. Kaguwa in mai rai ce ki zaɓi mai motsi kuma mai nauyi a hannu. Wadda ta mutu a kwando ba a san yaushe ba kada ki karɓa ko kyauta ce, lalacewarta sauri gare ta. Masu rai a ajiye su a wuri mai sanyi a rufa da jiƙaƙƙen buhu, kada a tsoma su a ruwan famfo, mutuwa za su yi. Kafin dahuwa minti 20 a firiza zai sa su lafa, a goge su da buroshi. Bayan sun dahu a ɗaga ɓawon baya a cire abubuwan nan masu toka-toka kamar yatsu, da su take numfashi, ba a ci.

Narkarwa a firij daren Juma'a. In wuta ba ta da tabbas, kula da ƙanƙara mai yawa. Kada a narkar da ruwan zafi ko a rana.

Uwargida Ran Gida:
Man shanu shi kaɗai zai danne ƙamshin kaguwar. In kina so ki sa kashi ɗaya cikin huɗu, sauran bota. Majarin, wato botar man tsirrai, kuwa a'a, da ya huce yana barin maiƙo a dasashi.

Miyar: narkar da botar a wuta ƙasa-ƙasa, zuba albasa ɗaya da aka goga, minti 5, sai sauran tafarnuwa dunƙule 4 a daka, minti 2 kacal. Idan tafarnuwa ta yi ruwan ƙasa miyar ta yi ɗaci, ba gyara sai sake wata. Zuba rabin yajin, sukari cokali 1, ludayi 2 na romon dahuwa, ki juya sosai har su haɗe. Kashe wuta kafin ki matse sauran lemun tsamin. Kada ki ƙara gishiri sai kin ɗanɗana, romon ya kawo nasa. Ki raba wa yara tasu kafin yajin ya shiga.

A babban faranti ko tire ki juye komai ki kwarara rabin miyar, rabin a ƙananan kwanoni na dangwale. Jarida da suke shimfiɗawa ki bar musu, leda mai tsabta ko takardar gashi ta fi.

Malama Nas:
Abu biyu kafin ranar. Ki tambayi baƙinki ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda kaguwa ko jatan lande ba sa karɓarsa. Da yawa a cikinmu ba su taɓa ci ba balle su sani. Ƙaiƙayi da borin jini, kumburin leɓe ko harshe, shaƙewar murya, numfashi sama-sama: in aka ga kumburi ko matsalar numfashi asibiti kai tsaye, ba jira. Mai wannan matsalar ko dankalin da ya dahu a romon ba zai ci ba, a yi masa abincinsa a wata tukunya da wani ludayi.

Na biyu, kada abincin ya wuce awa 2 a waje, in ana zafi sosai awa 1. Abin da ya rage a ɓare a sa a firij, a cinye cikin kwana 2.

Baban Yara Gwarimpa:
Wani zai iya tambaya kan halacci. A Malikiyya dabbobin ruwa halal ne, Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi, sai a kula in akwai baƙo mai bin wannan. Ki kuma ajiye shinkafa tukunya ɗaya, don dattawa da yawa ba za su zauna fasa ƙafar kaguwa ba. Almakashin kicin biyu ko uku a tebur, da ruwan wanke hannu mai lemun tsami.

Maman Sadiƙ:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya bar zumunci. In za a ci ƙarfe 4, yaushe zan ɗora?

Anti Mai Girkin Biki:
Ƙarfe 1:30 ki ɗora ruwa, lita 11 yana jan lokaci a murhun gida, in za ki samu babban murhun gas na masu biki ki aro. Masara ta shiga 2:30, kaguwa 3:10, ki haɗa miyar bota tana kan wuta. Jatan lande kada ya taɓa ruwa sai baƙi sun zauna.