Neman shawara: an ɗora min gidauniyar makarantar yaranmu, iyaye sun fara guduna

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan barci ya ƙaurace min. Yarana uku suna wata makarantar kuɗi a wajen Tudun Jukun a Zariya, boko da safe, Islamiyya da yamma. Ba zan kama sunanta ba. Wanda ya kafa ta malamin maigidana ne tun yana karatun allo, shi ne ma ya karɓa masa aurena. Ya rasu shekara huɗu da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Da zaure ɗaya da tabarmi ya fara, yau ajujuwa goma sha ɗaya ne. Babban ɗansa ke riƙe da ita yanzu, matarsa kuma ƙawata ce tun muna 'yan mata, tare muka yi karatu, ranar sunan Ilham ita ta kwana tana suyar nama. Na kawo wannan ne don ku gane ba makarantar da zan iya juya wa baya ba ce.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abubuwa suka rikice. Malamai uku suka ajiye aiki, ɗaya daga Samaru yake zuwa, kuɗin mota ya cinye albashin. An ƙara kuɗin makaranta sau biyu, wasu suka kwashe yaransu. Sai aka ce ba za a sake ƙari ba, a riƙa yin gidauniya duk shekara. Bara an yi taron ƙaddamarwa, aka kafa rumfuna, aka gayyato manya. Alƙawarin da aka faɗa a lasifika ya kai miliyan 6, abin da ya shigo hannu bai cika miliyan 2 ba.

Bana a taron PTA aka ce ni ce shugabar kwamiti. Na buga ambulan da kuɗina, aka ba kowane yaro ya kai gida. Na rubuta mafi ƙaranci naira 5,000, kuma za a liƙa sunayen waɗanda suka bayar a allon sanarwa. Sati biyu ke nan, cikin ambulan 310 guda 34 suka dawo. Wata uwa ta turo min saƙon murya tana cewa mun mai da 'ya'yansu almajirai. Shekaranjiya a gidan biki a Gyallesu wata da muke gaisawa kullum ta ɗauke kai. Ga azumi ya ƙarato, ina tunanin mu nemi masu hali su ba mu zakkarsu. Ya zan yi iyaye su bayar?

Baban Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kafin komai amsa min tambaya ɗaya: miliyan biyun bara, a wane asusu ta shiga, kuma me aka yi da ita? Ba ki faɗa ba, kuma nan ne ciwon yake. Na yi shekara ashirin ina riƙe kuɗin jama'a a kwamitin masallaci, na san abin da nake faɗa. Mutum ba ya sake bayarwa sai ya ga inda na farko ya tafi.

Malama Hauwa: Ni dai da na ji an ce gidauniyar makarantar kuɗi sai gabana ya faɗi. Shekara bakwai ina koyarwa a wata a Sabon Gari. Gwamnatin tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi 70,000 a 2024, ni ko rabinsa ba na samu, kuma wata biyu ke nan ba a biya mu ba. Mu ma an yi taron, mu muka share fili muka jera kujeru, ko kuɗin mota ba a ba mu ba. Bayan sati uku aka yi wa ofis sabon fenti.

Maman Ilham: Yaya Baban Sadiƙ, a asusun mai makarantar kuɗin suka shiga, don lokacin ba a buɗe wani ba. Amma wallahi mutum ne mai amana, duk unguwa sun shaida. An gyara rufin aji biyu da iska ta yaye, da idona na gani. Malama, tamu ba haka take ba, ana biyan albashi ko da an yi jinkiri.

Baban Sadiƙ: To kin gani. Ban ce ya ci ko kwabo ba. Amma rufin aji biyu nawa ne, saura nawa ne, wa ya rubuta? Ki saurare ni da kyau. Ki janye ambulan ɗin nan gobe, ki cire maganar liƙa suna. A buɗe asusun banki da sunan gidauniyar, mutum uku masu sa hannu: uba ɗaya, malami ɗaya, dattijon unguwa ɗaya, ban da mai makaranta. In da hali a yi mata rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu, banki ma zai nemi takardar. Sai a buga lissafin bara a takarda ɗaya da rasiɗai, a raba. Sannan ku zaɓi abu guda, ko rijiyar burtsatse ko kuɗin makarantar marayu goma, ku faɗi farashinsa. Kuma ku daina matsar iyaye, su ne suka riga suka biya. Ina tsofaffin ɗalibanku? Kwalejin Barewa da aka kafa a Katsina a 1921 kafin ta dawo Zariya, kowa ya san ƙarfin ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta. Makarantar da ta fara daga zaure dole ta yaye likitoci da 'yan kasuwa. Mutum 200 su riƙa turo 1,000 duk wata, a shekara miliyan 2.4 ke nan, ya fi abin da rumfarku ta kawo.

Abu Hanifa: Alhaji, da girmanka, amma wannan lissafin takarda ne. Wata na farko za su turo, na uku sai ka riƙa bin su da waya. Mutanenmu sai sun ji an kira sunansu a lasifika suke zura hannu a aljihu. Anti, ki sake yin taro, ki samu ɗan siyasa mai neman kujera ya zama babban mai ƙaddamarwa, amma a karɓa nan take, a ajiye mai POS a bakin rumfa. Kuskuren bara shi ne yarda da alƙawari.

Baban Sadiƙ: Ɗan siyasa zai ba ka sau ɗaya, ya ɗauki hoto, badi ba ka ganinsa. Ita gidauniyar shekara-shekara ake magana. Ka bari waɗanda suka yi aikin su yi bayani.

Malam Nuhu: Hajiya, maganar zakka ki bi a hankali. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙidaya mutum takwas da ake ba, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a yi gini da ita ba, balle makarantar da take mallakin wani. Abin da za a iya shi ne a ba talakan uba ko mai riƙon maraya a hannunsa, ta zama tasa, shi ya biya kuɗin makarantar. Rufi da rijiya kuwa ku nemi sadaka mai gudana, mutane suna sonta ƙwarai a azumi. Liƙa suna kuma, aya ta 271 a Baƙara ta yaba bayyana sadaka, ta ce ɓoyewa a ba talakawa ya fi alheri. Ki tuna da yaron da zai duba allo bai ga sunan babansa ba.

Ummu Khadija: Yaron nan nawa ne, Malam. A makarantarsu a Hanwa an yi haka, ɗana ya dawo yana kuka ya ƙi cin abinci. Ranar na sayar da atamfata. Kuɗin zango, kuɗin littafi, kuɗin yunifom, kuɗin walimar sauka, yanzu kuma ambulan. Mijina direba ne. In makarantar kasuwanci ce mai ita ya nemi bashi, in ta al'umma ce a buɗe mana littafin mu gani.

Maman Ilham: Na gode duka. Amma ku fahimce ni, ban sa 5,000 don in ƙuntata wa kowa ba, bara wasu naira 200 suka sako, kuɗin ambulan ma bai fito ba. Sunan kuma don ƙarfafa gwiwa ne. Maganar in je in ce masa ya kawo rasiɗai, Yaya, da wane baki? Ɗan malamin mijina ne. Zai ɗauka ina zarginsa, matarsa ta ji, zumuncin shekara ashirin ya lalace. Tsofaffin ɗalibai kuma ba mu da lambobinsu, marigayi bai ajiye rajista ba.

Baban Sadiƙ: Ba ke za ki je ba. Maigidanki ya ɗauki limamin unguwa su same shi bayan Isha'i. In mai amana ne kamar yadda kika ce, shi zai fi kowa murna. Lambobi kuwa, ki samu tsofaffin ɗalibai biyar ki buɗe musu zaure a WhatsApp, su za su jawo sauran. In ba za ki yi ko ɗaya ba, ki ajiye shugabancin tun sunanki bai ɓaci ba.

Malama Hauwa: A cikin abin da za a tara, an ware wa malamai wani abu? Har yanzu ban ji wanda ya ambace su ba.

Maman Ilham: Ajiyewa ba zai yiwu ba, a gaban jama'a aka ba ni. Maigidana kuma ya ce kar in sa shi a ciki. Ranar Asabar muna da zama da kwamiti, kuma na riga na ba mai buga takarda kuɗin wasiƙar tunatarwa. Zan iya cire maganar allon sanarwa, amma 5,000 ɗin dai ina ganin a bar ta. Akwai wanda ya san nawa ake buɗe irin asusun nan, kuma dole ne sai da takardar CAC ɗin?