Namijin goro na shuka, amma tsiron ya rikita ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin itatuwan kurmi ku taimaka mini.

Ina sana'ar goro a Sabon Shagamu. A watan Afrilu na samo 'ya'yan namijin goro guda 20 daga wani manomi, ɗanyu, daga cikin ƙwallonsu mai launin ruwan lemo aka ciro su. Na ɓare ɓawon 10, na bar 10 haka nan, na shuka su a leda da baƙar ƙasa, ƙarƙashin inuwar ayaba. Sai da na yi wata huɗu ina ban ruwa kafin uku su leƙo, duka daga waɗanda na ɓare.

To ga inda gizo ke saƙar. Biyu ganyensu na fitowa bibbiyu suna fuskantar juna, masu kauri da sheƙi, kuma da na tsinke ɗaya sai wani ƙaro rawaya ya ɗigo. Na ukun ganyensa ɗaɗɗaya yake fitowa, da dogon hannu, kamar goronmu na ci. Anya ba wani iri ne ya faɗa cikin ledar ba?

Biyun ma yanzu bakin ganyensu na ƙonewa tun da hunturu ya shigo. Ruwa ne ya yi yawa, ko inuwa ce ba ta isa ba? Sannan tunda akwai itacen da ba ya 'ya'ya sai fure kawai, ana iya gane shi tun yana ƙarami?