In sayar da jitata in sayi kwamfuta?

Mai jita: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ni makaɗin jitar bas ne, reggae nake yi. Wajen marigayi kawuna na koya, a ɗakinsa na fara jin Bob Marley da Lucky Dube, kuma jitarsa ce a hannuna har yau, sai amfilifaya da na biya kaɗan-kaɗan. Yanzu mawaƙinmu ya koma dancehall, salon kiɗan rawa da ya fito daga reggae, wai yaro ɗaya da FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, ya ishe shi. Mai gangarmu ya kama gabansa. An taya kayana. In sayar? Wallahi ko barcin kirki ba na samu.

Mai sutudiyo: Sayar kawai, malam. A Jamaika an gama wannan gardamar tun 1985, da mai sutudiyo King Jammy ya fitar da "Under Mi Sleng Teng" ta Wayne Smith a unguwar Waterhouse ta Kingston. Kiɗan nan a cikin ɗan kibod Casio MT-40 yake tun daga kamfani, rage masa sauri suka yi. Mawaƙa suka yi ta hawa kansa, masu sutudiyo suka ga ba sai sun biya makaɗa reras ba.

Tsohon makaɗi: Ɗana, ba a sayar da kayan gado. Kuma ka yi hankali da mutanen kwamfutar nan. Ni wani ya ɗauki kiɗana ya yayyanka ya zuba a waƙoƙinsa, ko sisi ban gani ba.

Mai sutudiyo: Baba, naka rashin yarjejeniya ne. Steely da Clevie, masu haɗa kiɗa a Jamaika, ai makaɗa ne, sun iya kibod da ganga kafin su rungumi na'ura, shi ya sa suka yi zarra. Mai jitar nan ma, kunnensa na kiɗa zai bi shi can wajen kwamfuta.

'Yar Nima: Nan Accra har yanzu ana gayyatar makaɗa wajen wasa. Riƙe jitar, ka sayar da amfilifayar. Nawa ma aka taya? Ba ka faɗa ba.

Mai jita: Yaya, kuɗin amfilifaya ba zai sayi kwamfuta ba, kuma da me zan hau dandali? Ni ba ƙin koyo nake ba. Yadda yatsa ke ɗan jinkirta bas ya bi bayan ganga, na'ura ba ta yi min haka.

Mai sutudiyo: Tana yi, kai ne ba ka iya saita ta ba. To me kake tambaya tun farko?

Tsohon makaɗi: Ku fara gaya masa inda zai samo wutar kunna kwamfutar. Unguwarmu tun shekaranjiya ba a kawo ba.