Baƙi daga Legas: ina zan kai su a Zariya?

'Yar Tudun Wada: Salamu alaikum. Ƙanwar maigidana za ta zo hutun Sallah da yaranta uku, kwana huɗu. Zanen gine-gine take yi, wai tsofaffin gidaje take son gani. Ni kuwa bayan kasuwar Sabon Gari ban san inda zan nufa ba.

Bazazzagi: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ai kayanta na cikin birni. Ku shiga ta Ƙofar Doka ku nufi fada, ta ga zanen dagi da zankwayen soro. Tsohon masallacin Juma'a yana nan daf da ita, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. An lulluɓe shi da sabon gini, amma ta nemi izini ta ga bakan gizon ciki, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin. Ƙasa ce da azara kawai, ba ƙarfe ko ɗaya.

Maman Biyu: Dutsen Kufena kuma da sassafe, Anti. Bara da azahar muka hau, takalmina ya tsinke, na sauko ƙafa ba komai. Ku tafi da ruwa.

'Yar Tudun Wada: Na gode ƙwarai. Hawan Daushe fa, da yara?

Bazazzagi: Ku kama wuri tun kafin la'asar, ƙaramin a kafaɗa.