Neman kalma: me za mu kira dragon da Hausa?

Malamar Lahadi: Jama'a barkanku da dare. Ranar Asabar zan yi wa matasan cocinmu a nan Katsina bayani da Hausa kan wani littafin almara na Kirista da na gama karantawa. Dabbar nan da Turawa ke kira dragon ce ta tsaya mini a wuya. A littafin ba muguwa ba ce, yaro yana hawanta, suna hira, daga ƙarshe ta ba da ranta dominsa. Ni da girmana sai da na share hawaye. Amma in na ce maciji, Wahayin Yahaya sura 12 yaran za su tuna, jan nan mai kai bakwai da ƙaho goma wanda aka ce shi ne Iblis. Sai iyaye su ce Malama na koya wa 'ya'yansu son Shaiɗan.

Na Ƙofar Soro: Dodo kawai.

Malamar Lahadi: Yaya, dodon da ke haɗiye 'yan mata a tatsuniya? Wa zai yi kuka don ya mutu?

Ɗan Daura: Me kuke wahala? Abin da Bayajidda ya sare wa kai a rijiyar Kusugu, wanda ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, ai shi ne. Jarumi baƙo, ƙaton maciji, sarauniya ta aure shi. Turawa labarinmu suka sa wa fukafukai.

Na Ƙofar Soro: To sunan macijin Sarki ne. Ta tsaya gaban yara ta ce yaron ya hau Sarki ya tashi sama?

Tsohon Malamin Hausa: Ku dakata. Hausa na da hanyar gina suna: aikatau da karɓau, kamar fasa-ƙwauri da hana-salla. Saboda haka furza-wuta. Gajere ne, ya faɗi aikin dabbar, ba aro a ciki.

Ɗalibar Larabci: Baba, da Larabci tinnin ake cewa. Kuma asalin kalmar a Helenanci ƙaton maciji take nufi, wutar ba dole ba ce. Na Sinawa ma da ruwan sama aka san shi. Shi ma furza-wuta za a ce?

Tsohon Malamin Hausa: 'Yata, Malama ba ta tambayi na Sinawa ba. Furza-wuta. Ku maimaita sau uku ku ji yadda ya zauna a baki.

Na Ƙofar Soro: Na maimaita, Baba. Wallahi babur ɗin da salansarsa ta fashe nake gani.

Tsohon Malamin Hausa: Ga irinta nan. Tun 1934 Bargery, Bature, ya tara mana ƙamus mai shafi fiye da dubu, mu kuma masu harshen dabba ɗaya ta gagare mu sai mun je roƙo. Lalaci ne.

Ɗalibar Larabci: Amma ƙamus da kuka faɗa yanzu daga Larabci take, haka littafi. Mota da asibiti kuma daga Turanci.

Tsohon Malamin Hausa: Waɗannan sun tsufa a gidan, sun zama 'yan gida.

Ɗan Daura: Duk gardamar nan don ba a tambayi Daura ba ne. Hausa a nan ta yi wayo.

Na Ƙofar Soro: A Katsina kuma ta shiga makaranta, je ka dubi hasumiyar Gobarau.

Malamar Lahadi: Don Allah jama'a, jibi ne Asabar. Na gwada a kan ƙanina ɗan shekara 14. Na ce furza-wuta, ya yi shiru. Na ce diragon, nan take ya ce wanda ke cikin katun. Ga abin da zan yi: karon farko in ce diragon, wato wata halitta mai jikin kada da fukafukan jemage, mai aman wuta. Maciji in bar shi ga na Wahayi, don dama bambancin biyun nake so mu tattauna. Baba, zan ambaci taku a matsayin kirarinsa.

Tsohon Malamin Hausa: Kirari. To. A dai sa karan ɗori tsakanin furza da wuta.

Ɗan Daura: Kusugu fa?

Malamar Lahadi: In lokaci ya rage.