Waɗanda suka taɓa raka masu awon itatuwa daji, ku ba mu labari

Ɗan Pitowa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wasu masu bincike za su zo yankinmu bayan girbi, sun nemi in yi musu tafinta tunda ina jin Fulatanci da Faransanci. Wai suna da hotunan tauraron ɗan'adam na gonaki da dajin da ke tsakanin Garwa da Gidar, za su bi su auna itatuwa a ƙasa su gwada da abin da hoton ya nuna. Abin da ya ɗaure min kai, in dai na sama yana gani, me ya kawo wahalar takawa? Wanda ya taɓa irin wannan aiki ya taimaka min da abin da ya tarar, kar in faɗa ruwan da ban san zurfinsa ba.

Malamin Lissafi, Marwa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Na yi sau biyu ina ɗalibi. Na sama yana gani, amma kore kawai yake gani, bai san koren wane ne ba. Ganye mai rai yana shanye jan haske, ya mayar da wani haske da idonmu ba ya kamawa. Na'urar tana gwada biyun ta fitar da lamba da ake kira NDVI: ƙasa fako lambar na kusa da sifili, wuri mai duhuwa tana doshin 1.

Ga abin da ya same mu. A watan Disamba shugaban tawagarmu ya nuna mana wani fili kudu da Marwa, kore shar a hoto alhali ko'ina ya bushe. A taswirarsa an rubuta "kurmi". Muka sha rana muka isa, ko itacen kirki guda babu. Karal ne, wato filin laka, masakwa (dawar rani) ta miƙe har ƙarshen gani. Wani dattijo yana korar tsuntsu, da na fassara masa abin da aka rubuta sai da ya zauna don dariya. Ya nuna wa shugaban namu yadda ake dasa ta a ƙarshen damina: a soka sanda mai tsini a laka, a zuba ɗan ruwa a ramin, a sa dashe, shi ke nan sai damshin ƙasa ya raine ta har Janairu ko Fabrairu.

Kuskuren ba ƙarami ba ne ga masu lissafin kabon, wato iskar da ke ɗumama duniya, wadda saboda ita ake auna itatuwan. Tsirran doron ƙasa suna shanye fiye da rubu'in iskar kabon da mutane ke fitarwa duk shekara, masu lissafi a kwamfuta kuma suna son sanin inda take maƙalewa da tsawon zamanta. Masakwa za ta sha iskar, amma kafin shekara ta zagayo an ci hatsin, shanu sun ci karan, ta koma sama. Tsamiya kuwa za ta riƙe tata shekaru aru-aru, don kusan rabin nauyin busasshen icce kabon ne.

Uwar Biyu, Mokolo: Ni ban raka kowa ba, su ne suka iso gonar maigidana a watan Agusta ina kai abinci. Wani yaro ɗan birni riƙe da takarda, ya ɗaga kai ya dubi gawonmu, ya ga ba ganye, ya ce wa na kusa da shi a rubuta matacce. Na ce ɗana, wa ya mutu? Gawo ai da damina yake tuɓe riga, in kowa ya tuɓe da rani shi kuma ya sa tasa. Shi ya sa dawar da ke gindinsa ta fi ta ko'ina, ba ya tare mata rana, ga ganyen da ya zubar ya zama taki. Yaron ya ji kunya, amma yana da ladabi, ya goge. Gawo bakwai ne a gonar, da duk an binne su a takarda.

Malamin Lissafi, Marwa: Inna kin taɓo wurin. Dalilin ke nan masu ƙirgen itatuwa a Sahel suka fi son hoton farkon rani: ciyawa ta bushe, itace na da ganye, gajimaren Agusta ya wuce. Sai dai in hazo ya taso daga kwarin Bodele da ke hamadar arewacin Chadi, shi ma ya ɓata hoton.

Direban Kuseri: Ni mota na ja musu, mako uku. Shawarata ba ta ilimi ba ce. Wurin da za a auna kwamfuta ce ke zaɓa, ita kuwa ba ruwanta da hanya. GPS zai ce saura mita 400, gabanka ƙayar bagaruwa ce ko fadama. Taya biyu na yi faci rana ɗaya. Ka sa takalmi mai kauri, ka riƙe ruwanka da kanka.

Babban abu kuwa, kar ku sauka gonar kowa ba ku fara gaida jauro ko lawan, wato masu garin, ba. Mu mun yi wannan wautar ranar farko. Mutane suka hango baƙi suna ɗaura igiyar awo a jikin aduwa suna rubutu, kafin ka ce kwabo gari ya fito. Wasu sun ɗauka 'yan gandun daji ne za a ci su tarar sassabe, wasu sun ce filin za a ƙwace. Sai da muka yini a zauren lawan, aka sha shayi zagaye uku, sannan ya haɗa mu da yaronsa. Daga nan aiki ya tafi sumul, har makiyaya ke nuna mana itatuwan da suka sassare wa dabbobi reshe, waɗanda a hoto suka fito ƙanana alhali gindinsu mutum biyu ba sa rungumewa.

Ɗan Masunta, Bol: Namu na tafki ya fi naku ban dariya. Kowa ya haddace cewa Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, farin 1973 da na 1984 suka tsotse shi. Gaskiya ne, kakanninmu sun gani. Amma wanda na ɗauka a kwalekwale ya zo da hoton da ya nuna wani wuri kore, a tunaninsa tudu ne mai ciyawa. Na tura mu cikin ciyawar, na miƙa masa gorar tuƙi na ce ya soka. Ta nutse har ta wuce tsayin ƙirjinsa. Ruwa ne kwance ƙarƙashin ciyawa, kifi na ciki. Wani wurin kuma wata uku baya ruwa ne, ranar da muka je masara da wake ne. Ya ce min taswira ɗaya ba ta isar wannan tafki, na ce yallaɓai ko mu da aka haifa a nan duk shekara sai mun sake tambayar hanya.

Tsohon Ɗan Gandun Daji, Injamena: Ku yi haƙuri yara, ni zan ɗan ɓata muku shayi. Na yi shekaru ina wannan rakiya. Ana ta cewa hotuna sun nuna Sahel ya sake kore tun bayan farin shekarun 1980. To, kore ya dawo, ban musa ba. Amma wane kore? Inda na san marke da kanya da tsamiya ina saurayi, yau sabara ce da tumfafiya da ƙaya, sai dogon yaro a bakin titi. Na sama zai ce an samu ci gaba, matar da ke neman 'ya'yan kanya ta kai kasuwa ba za ta ce haka ba. Lokacin da gwamnatinmu ta hana gawayi wajen farkon 2009, a idona mata suka koma girki da kashin shanu da ƙwallon goruba, wannan ba hoton da zai nuna maka shi.

Abin da ya fi ci min rai, wata ƙungiya da ba zan kira suna ba, mun auna musu itace ɗaya bayan ɗaya har tafin ƙafata ya tsage. Suka ce za su aiko wa ƙauyukan sakamako. Har yau shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Ni nake haɗuwa da mutanen a kasuwa suna tambayata ina kuɗin iskar da aka ce itatuwansu na sha.

Malamin Lissafi, Marwa: Baba, maganarku dutse. Amma awon ƙafa irin naku shi ya gyara na sama. Taurarin Landsat da suka fara aiki tun 1972, ɗigo ɗaya a hotonsu yanzu faɗin mita 30 ne a ƙasa, Sentinel-2 na Turai mita 10, duk gawo ɗaya tilo a gona yakan ɓace musu. A 2023 masu bincike tare da NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, suka yi amfani da hotuna masu ɗigon da bai kai mita ɗaya ba, suka ƙirga itatuwa biliyan 9.9 a busassun ƙasashen da ke kudu da Sahara, daga Tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, Chadi na ciki. Kabon da ke jikinsu ya kai tan biliyan 0.84. Itatuwan sun fi yadda ake zato yawa, kabon ɗin kuma bai kai abin da wasu lissafe-lissafe suka ɗauka ba. Hoto faɗin kan itace kawai ya gani. Kafin a mayar da shi nauyin icce da saiwa sai da aka dogara da itatuwan da mutane suka auna da hannu.

Ɗan Pitowa, ka roƙe su tun ranar farko su bar wa kowane jauro kwafin taswirar garinsu, kuma bakinka kar ya furta maganar kuɗin kabon ko da wasa.

Direban Kuseri: Bayan tafiyar nan yarona ya buɗe min Google Earth a kwamfuta, ya ja hoton unguwarmu baya. Sai ga tsamiyar ƙofar gidan mahaifina da aka sare aka yi shago, da inuwarta ta karkata yamma. Na daɗe ina kallo ban ce komai ba.

Ɗan Pitowa: Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Jiya na je na gaida jauron garin da za mu fara, ya ce a zo bayan ranar kasuwa. Saura tambaya ɗaya Malam: sun ce a tsayin mita 1.3 ake ɗaura igiyar awo. In itacen ya rabu biyu tun daga ƙasa fa, kamar yadda magarya ke yi?

Malamin Lissafi, Marwa: In ya rabu ƙasa da wurin awon, kowane reshe ka auna shi daban ka rubuta. Ka yanki sanda daidai mita 1.3 ka riƙa jingina ta, ya fi ka yi ta kwatance da ƙirjinka. Magarya kuma ka shige ta da riga mai dogon hannu.