Cassandra da Python: in ɗauki cqlengine ko in rubuta CQL da hannuna?

Abba_Fagge:
Salamu alaikum. Muna haɗa manhajar bibiyar motocin dakon kaya, kowace mota tana turo inda take duk daƙiƙa 10. Mai aikin ya riga ya zaɓi rumbun bayanai na Cassandra 4.1, saba (server) uku, da Python muke rubutu. In yi amfani da laburaren cqlengine da ke zuwa cikin cassandra-driver (direban da ke haɗa Python da Cassandra) ne ya rubuta min CQL, wato yaren tambayar Cassandra, ko in rubuta da kaina? Litinin zan fara.

Sadiq_Kd:
Wa alaikumus salam. Spring Data Cassandra kawai, ka huta.

Abba_Fagge:
Yaya Sadiq, wannan ai na Java ne.

MalamHabu:
Yaro, guji duk laburaren da zai ɓoye maka abin da yake aika wa rumbun. Mun taɓa ɗauko wani a intanet, mutum ɗaya ke kula da shi. Duk gurbin da ba mu cike ba sai ya rubuta masa null, wato babu komai, a Cassandra kuwa rubuta null tamkar gogewa ce, tombstone, wato alamar gogewa, take ajiyewa, kuma ba ta share su sai bayan kwana 10 in ba ka sauya tsarin ba. Suka taru. Ranar da tambaya ɗaya ta ci karo da sama da 100,000 rumbun ya ƙi amsawa, ana tsakiyar hada-hadar sallah. Mai aikin ya kira ni a gaban yarana ya wanke ni tas, ya riƙe cikon kuɗina har yau. Shi kuwa mai laburaren ya daɗe da yin watsi da abinsa. Ko laburaren Astyanax da Netflix ta yi, ina yake? An jingine shi, Thrift ɗin da ya dogara a kai wajen magana da rumbun ma an cire shi a Cassandra 4.0 a 2021.

Sadiq_Kd:
Allah ya mayar da alheri, Malam. Amma zamanin da kake magana ai ya wuce.

MalamHabu:
Kai saba nawa ka taɓa riƙewa? Wanda ya gwada a kwamfutar cinyarsa bai kamata ya yi fatawa a nan ba.

Maryam_Zinder:
Ku yi haƙuri. Abba, ni CQL nake rubutawa da hannu, don teburorin irin wannan aiki ba su da yawa. Session ɗaya, wato haɗi da rumbun, ka buɗe wa manhajar gaba ɗaya, ka yi prepare, wato shirya kowace tambaya, sau ɗaya. Makullin rabon bayanai ya zama lambar mota haɗe da rana, in ba haka ba kason mota ɗaya zai yi ta kumbura. Direban yana farawa da LOCAL_ONE, wato amsar saba ɗaya ta isa, in kana son karanta abin da ka rubuta yanzu ka koma LOCAL_QUORUM, mai jiran amsar mafi rinjaye, wajen rubutu da karatu. Matsalar Malam kuma UNSET_VALUE, wato a bar gurbin ba a taɓa shi ba, ke maganinta, maimakon None, null ɗin Python.

Ɗan_Kasuwa:
Ni dai Excel bai taɓa kunyata ni a gaban yarana ba.

Abba_Fagge:
Na gode Anti Maryam. To cqlengine ɗin fa, akwai wanda ya yi aiki da shi?

Sadiq_Kd:
Bar wannan, kun lissafa kuɗin saba? Mu saba uku muke haya, dala 70 a wata.

MalamHabu:
Dala 70 wace irin saba? Namu sun haura 400, kuma da kyar suke numfashi lokacin compaction, wato sa'adda rumbun ke haɗe fayilolinsa.

Usman_Kumasi:
Motoci nawa ne ma? In ba su kai dubbai ba rumbun PostgreSQL ɗaya ya ishe ku.

Ɗan_Kasuwa:
Ku da kuke ta kiran dala, da wane kati kuke biya? Nawa sau biyu yana ƙin wucewa a watan nan, bankin ya cire kuɗin kuma bai dawo da su ba.

Sadiq_Kd:
Ni ta hannun wani abokina a Dubai nake biya, shi ma yana ɗora nasa a kai.

Ɗan_Kasuwa:
Nawa yake ɗorawa? Turo min lambarsa ta akwati.